Zuwa ga 'yata, kan tambayarki game da Kakarki

'Yata,

Ranar da dangi suka taru kin miƙe a gaban kowa kin tambaye ni ko akwai abin da ya rage mu yi wa Kakarki bayan addu'a, ganin yau shekara 2 ke nan da rasuwarta. Kuka ya ci ƙarfina a lokacin, shi ya sa nake ba ki amsa a fili yanzu, domin 'yan'uwanki su ma su ji.

Addu'a ita ce kan gaba. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, ɗa nagari mai yi wa mamaci addu'a yana cikin abubuwa 3 da ladansu ba ya yankewa, kuma aya ta 24 a Suratul Isra'i ta koya mana roƙa wa iyaye rahama. Wannan kun riƙe, kuma na gode muku.

Abin da nake gudun mu yi sake da shi shi ne mutanenta. Ke kin san ta ne da furfura, tana goya ku tana rarrashi. Ni kuwa na tashi na tarar da mace wadda ba ta kwana da fushin kowa, wadda in ta ji ƙawarta ba ta da lafiya za ta ajiye duk abin da ke hannunta ta tafi, ko da mu yara muna ƙunƙuni. Sai da na girma na gane cewa yawancin waɗanda muke kira gwaggo da inna ba mu haɗa jini da su ba, ita ce ta mai da su dangi. Tun da ta kwanta dama, ƙafarmu ta ɗauke daga gidajensu, kuma laifin nawa ne kafin ya zama naku.

Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai daina aika wa ƙawayen Nana Khadija kyauta ba bayan rasuwarta. Abdullahi ɗan Umar ma ya gamu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakinsa da rawaninsa, don kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne.

Aminiyar Kakarki da suka yi ƙuruciya tare tana nan da rai, idonta ya raunana, kuma an gaya mini takan tambayi labarinku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Akwai abubuwa na rayuwar mahaifiyata da ita kaɗai ta sani, ni kaina ban taɓa zama na tambaye ta ba. Ki shirya, ranar Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu za mu je mu gaishe ta tare, ki kuma taho da ƙannenki.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta.

Mahaifinki