Hanyar ƙarƙashin ƙasa da shekarun ma'aikaci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da duk abokan aikinku. Na saurari shirinku na makon jiya, inda masu kira suka yi ta ba da shawarar a ƙara haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a manyan shataletalen Yamai don rage cunkoso. Can dab da rufe fili wani dattijo ya tayar da maganar fanshon ma'aikacin da ya sauya wurin aiki, lokaci ya ƙure ba a ba shi amsa ba. Duka biyun sun shafe ni, domin a kan hanya na ci tuwona har na yi ritaya.

In fara da hanyar. Ban ƙi ta ba. Duk wanda ya san yadda bakin kasuwar Katako yake kafin a buɗe gadar Diori Hamani a 2018, ya san an samu sauƙi, kuma ramin da motoci ke bi ta ƙarƙashinta ya nuna aikin mai yiwuwa ne a garin nan. Sai dai rami ba kamar kwalta ba ne da za a shimfiɗa a tafi. Ruwa gangare yake bi, duk inda ka haƙa kuwa ka yi masa gida. Dole a sa injin zuƙar ruwa, a ba shi wutar da ba ta yankewa, a samu masu yashe magudana kafin kowace damina, saboda yashi da leda ba sa jiran kasafin kuɗi. Mun ga ambaliyar da ta afka wa unguwar Lamorde a 2020, mun ga Agustan 2024 lokacin da ruwa ya yanke hanyoyin fita daga Yamai. Wanda zai zana sabon rami ya fara gaya mana inda ruwansa zai fita, da wanda zai biya kuɗin kula da shi shekara ashirin masu zuwa.

Ina faɗin haka ne don na ga ƙarshen aikin da ba a kula ba. Ina ɗan shekara ashirin, a ƙarshen shekarun 1970, na bar ƙauyenmu a jihar Tawa na shiga aikin hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar uraniyom, sama da kilomita 600. Wani ƙaramin kamfani mai jigilar tsakuwa ya ɗauke ni ina rubuta lodin motoci. Ranar da aka gama shimfiɗa wani yanki, da dare muka cire takalma muka taka kwaltar tana da sauran ɗumi, don murna. Bayan shekaru na bi hanyar zuwa Agadas, direba yana sauka gefe yana bin rairayi domin ya fi kwaltar daɗin tafiya. Hawaye na yi a motar nan. Ga kuma layin dogo na Yamai zuwa Dosso da aka ƙaddamar a 2016, kowa ya ga yadda aka bar shi kwance ba a amfani da shi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara bakwai na yi a kamfanin nan, sannan na ci jarrabawa na shiga aikin gwamnati. A ƙasarmu ma'aikacin kamfani yana zuba kuɗin tsufansa a hukumar asusun ma'aikata ta CNSS, wadda aka kafa tun 1965, cikakken ma'aikacin gwamnati kuma nasa yana hannun hukumar fansho ta CARENI, wadda ta gaji tsohon asusun ritaya na FNR. Asusu biyu, lamba biyu, dosiye biyu, alhali mutum ɗaya ne ya yi gumin. Da na zo haɗa takardun ritaya na ce bari in nemo shekaruna bakwai na farko. Kamfanin ya rufe tuntuni. Ɗan littafin da aka ba ni yana cikin adakar mahaifiyata a ƙauye, gara ta cinye rabinsa, lambar kawai ta tsira. Sau uku ina hawa mota zuwa Tawa, har na samo tsohon shugabanmu na wurin aiki a Ƙonni, ya makance, amma ya gane muryata. Shi ya ce min, "Ɗana, kuɗin da ake yanke muku ba duka ake kaiwa ba." Da aka duba, shekara uku kacal kamfanin ya rubuta da sunana.

Ba na ɗora wa kowane asusu laifi, abin da aka kai musu shi suka rubuta. Amma da a ce tun ranar da na shiga aikin gwamnati an buƙaci a haɗa tsohuwar lambata da sabuwa, da tun a lokacin asiri ya tonu, mai kamfanin yana raye, shaidu suna nan. Sai bayan shekara talatin da wani abu na sani, lokacin da babu wanda zan riƙe.

Kuma nawa mai sauƙi ne, don na yi dogon zango a gwamnati. Ku duba wanda ya yi shekara goma nan, goma sha biyu can, kowanne bai kai ma'aunin da ake nema ba. Ku duba ƴan kwantaragi. Tun 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya suka zama ƴan kwantaragi, su ne suka riƙe makarantun karkara. Ɗiyar ƙanena ta yi shekara tara tana koyarwa a aji na zana a wajen Keita kafin ta samu lambar aiki. Na tambaye ta matsayin shekarun nan tara a lissafin fanshonta, ta ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Malama ce, tana karatu da rubutu. Ina ga masinja ko mai gadi?

Maganin ba sabon abu ba ne. Nijar tana cikin CIPRES, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kula da asusun ma'aikata, da aka kafa a Abijan a 1993, wadda ƙasashenta suka tsara yarjejeniya a 2006 don a riƙa tara wa ma'aikaci shekarun da ya yi a ƙasashe daban-daban, kowane asusu ya biya rabonsa daidai da zaman da aka yi a wurinsa. In ana iya wannan lissafi tsakanin ƙasa da ƙasa, tsakanin ofisoshi biyu a cikin Yamai ya fi sauƙi. Abin da nake roƙo shi ne lamba ɗaya da za ta bi mutum daga aikinsa na farko har na ƙarshe, da takarda ko saƙon waya kowace shekara mai nuna masa watannin da aka zuba da sunansa. In kuma akwai hanyar da doka ta riga ta buɗe ta sayen shekarun baya, a sanar da mutum ranar da aka ɗauke shi aiki, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, tun yana da ƙarfin biya.

Don Allah, Edita, ku gayyato jami'an asusun biyu da wakilan ƙungiyoyin ƙwadago su zauna a fili ɗaya, ku ba maganar sa'a guda cur, ku buɗe waya. Ina fata dattijon nan zai sake kira. Ni ma zan kira, da rabin littafina a hannu.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tsohon ma'aikacin hanya, unguwar Bukoki, Yamai