Zuwa ga Mutumina na Agadas

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwa, ya zafin garin naku? Na leƙa su Hajiya ranar Juma'a, kowa lafiya lau, sun ce in gaishe ka.

Na yi murna ƙwarai da jin cewa iyayen yarinyar nan sun ba ka izinin zuwa zance. Allah ya sanya alheri. Amma abin da ka ce ya tsaya mini a rai: wai in kun gama gaisawa sai ku yi tsit, kowa ya kama latsa waya, har kana tunanin ko ka ƙara toshi ne. Mutumina, kada ka ƙara ko kwabo. Turare da atamfa ba sa sa mutum ya saki jiki. Wasa ne ya yi muku ƙaranci, kuma irin wanda ba a shirya masa daga gida.

Bari in gaya maka yadda muka saba da tawa mutuniyar. Wani dare muna zaure aka ɗauke wuta, ƙaninta da ya kawo tabarma ya ƙi komawa ciki. Haka kawai ta juyo ta ce masa, "Ƙulun ƙulufit!" Ya ce, "Gauta!" Ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Na riga shi cewa tsintsiya. Da ta kawo wata mai wuya muka rasa amsa, sai na ce na ba ta gari, na ba ta Wudil. Ta ce atafau ita Katsina take so, don can kakarta take, can ta yi yarintarta. Daga nan labari ya ɓalle: yadda tsohuwar ke dama fura, yadda take hana su fita da almuru, da irin kukan da ta sha ranar da aka dawo da ita Kano. Da tambayarta na yi kai tsaye, "ba komai" kawai zan samu.

Tun daga ranar muke ƙirƙiro abin yi. Wani lokacin mu yi gasar faɗin "ƙato ya yi ƙoto, kwaɗo ya yi ƙoto" da sauri, wanda harshensa ya sarƙe shi zai sayo gurasa. Na koya mata dara a ƙasan ƙofar gida, gurbi talatin, ita da tsakuwa sha biyu, ni da kara sha biyu. Wajen darar nan na gane tana da haƙuri, don takan daɗe tana nazari kafin ta jera uku ta ci, kuma ba ta ɓata rai in an cinye ta. Wannan ya fi mini duk wani bayani da mutane suka yi mini a kanta.

Washegarin Ƙaramar Sallah ma ba mu yi niyyar fita ba. Ƙarar bindigogi muka ji, ta shiga ta roƙi Umma, aka haɗa mu da ƙannenta muka tari adaidaita sahu zuwa kallon Hawan Daushe. Muna shan rake muna cankar ko tawagar wane hakimi ce ke tafe tun kafin maroƙa su ambaci sunansa.

Kai ma ai garinku bai rasa abin kallo ba. In Muharram ya kama ga bikin Biyanu da kiɗansa, ku je tare da 'yan uwanta. Ko da yamma ku zaga tsohon gari wajen hasumiyar ƙasar nan ta babban masallaci, mai tsawon mita 27, ka bar ta ta ba ka tarihin unguwanni, ko da ka san wasu. Ka ce ta koya maka haɗa shayi irin nasu, zagaye uku, ka bari ta gyara maka hannu in kumfa ta ƙi tashi. Ka dai riƙa sanar da iyayenta duk inda za ku, kuma a tafi da ɗan rakiya.

In ka samu mai zuwa Kano, ka aiko mini da cukwi da dabino, mutuniyar ta daɗe tana tambaya. Ka kuma sanar da ni ranar da manya za su je gaisuwa, don in fara shirin tafiya tun da wuri.

Ka gaida duk abokan zama. Wassalam.

Naka har kullum,
Abokinka na Fagge