Wasiƙa ga Iyaye: Lissafin Dabino Talatin

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara. Da fatan kuna lafiya, ya ɗawainiya?

A wannan zangon mun mayar da hankali kan tambayoyin lissafi masu neman "mafi yawa" ko "mafi ƙaranci", musamman ga 'yan aji uku masu shirin jarrabawar BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Yaranmu sun iya tarawa da ɗebewa, gaggawa ce ke zubar musu da maki.

Ga tambayar da na ba su ranar Talata. Yara biyar sun raba dabino 30. Kowa ya samu aƙalla 2, kuma babu biyun da rabonsu ya zo daidai. Guda nawa ne mafi yawan da yaro ɗaya zai iya samu? Kafin in rufe baki hannuwa sun tashi: "Malam, 6 ne!" Wato sun kasa 30 gida biyar, sun manta da sharaɗin. Sai na zube marafan kwalba 30 a kan tebur, na ce a zo a raba a gabana. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, in ana so ɗaya ya kwashi da yawa, dole a matse sauran huɗun. Ta ba su 2, 3, 4 da 5, ya kama 14, saura 16. Wallahi na ji daɗi ƙwarai.

Da muka juya tambayar, cewa a rage rabon mai babban kaso iya yadda zai ragu, sai aka yi tsit. A nan kusanto da rabon ake yi: 4, 5, 6, 7, 8. Amsar 8 ce, domin in babba ya tsaya a 7, duka rabon ba zai wuce 25 ba.

Roƙonmu shi ne ku zauna da su a gida, ko da gyaɗa ko tsakuwa. Ba sai kun yi boko ba. Duk uwar da ta taɓa raba naman Sallah ta san wannan lissafin. Kada ku faɗa musu amsa, ku tambaye su yadda aka yi suka same ta.

Aikin gida: gwaji huɗu ne, ana son jimillar maki ta kai aƙalla 280. Yaro ya ci 65, 72 da 58. Maki nawa ne mafi ƙarancin da zai nema a na huɗu? A kawo ranar Litinin, tare da bayani a rubuce.

Wassalam,
Shugaban Sashen Lissafi