Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Yawon Buɗe Ido da Kayan Tarihi na Masar

Mai girma Minista, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan alkawarin gina gidan tarihi na cikin ruwa da ya daɗe yana jiran cikawa game da ragowar hasumiyar Iskandariyya da ke kwance a ƙarƙashin teku.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa wannan hasumiya, wadda aka kammala a tsibirin Faros kusan shekaru 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta haura mita 100, kuma wutarta ta yi wa jiragen ruwa jagora na ɗaruruwan shekaru kafin girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 su karya ƙashin bayanta. Da Ibn Battuta ya komo birnin a 1349, ko ƙofarta bai iya kaiwa ba saboda rugujewa, sannan a 1477 Sarkin Masar Ƙaitbai ya fara gina sansaninsa a kan harsashinta. Wannan ƙaddara ce, ba mu ɗora wa kowa laifinta ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne na zamaninmu. Tun 1994 masu ninƙaya ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe masanin kayan tarihi Jean-Yves Empereur suka tantance dubban duwatsu, da ginshiƙai, da manyan gumakan sarakuna a gindin sansanin, bayan an riga an jibge tubalan kankare a kan wasunsu da sunan tare igiyar ruwa. A 2008 aka yi ta maganar gidan tarihi na cikin ruwa tare da UNESCO, aka sake tayar da ita a 2015, mutane suka sa rai. Yau ina gidan? Yaron da aka haifa a Iskandariyya a 1994 ya zama magidanci, amma in bai iya nutso da tukunyar iska a baya ba, ba zai ga inda waɗannan duwatsu suke ba, alhali gishiri da ƙazantar ruwa suna ta cin sassaƙen jikinsu.

Na san kuɗi ba ƙaramin al'amari ba ne, na kuma yaba da duwatsu 22 da aka ɗago a 2025 domin zana su a kwamfuta. Sai dai hoto ba ya tsare dutse. Ina roƙonka, don Allah, ka fito ka gaya wa jama'a ko aikin yana nan ko an jingine shi, kuma in yana nan, ka sa masa ranar farawa.

Wassalam.