Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Labarin Zanen Da Nake Yi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke tare da kai. Wasiƙarka ta iso ni, na kuma ji daɗin tambayar da ka yi mini game da abin da na sa a gaba a lokutan hutuna, domin na daɗe ina neman wanda zan zayyana wa wannan al'amari ba tare da ya ɗauke shi wasan yara ba. Amsar ita ce, wata bakwai ke nan ina zana wani labari da hannuna, ina kuma gina masa shafin intanet da kaina.

Ka san tun muna tare nake son anime, wato zane mai motsi na ƙasar Japan. A da labarin kawai nake bi, amma da na fara zane sai idona ya koma kan yadda aka yi aikin. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan, kuma manyan kamfanonin Amurka sun saba zana 12 ko ma 24 ɗin gaba ɗaya. A shekarar 1963, lokacin da mai zane ɗan Japan Osamu Tezuka ya fara fitar da Astro Boy a talabijin, dole ne ya kammala kashi guda kowane mako da ma'aikata kaɗan da kuɗi kaɗan. Sai ya rage zanen zuwa kimanin 8 a sakan, wani wurin ma hoto ɗaya ne zai tsaya cak, baki kaɗai ke motsi, ko kuma a ja kyamara a hankali a kan zanen da ba ya motsi. Rashi ne ya jawo wannan dabara, amma a ganina ita ce ta zama ƙarfin anime. Idan fuska ta tsaya shiru na ɗan lokaci, mai kallo ne ke cika gurbin da abin da ke zuciyarsa. Japanawa suna da kalma ta musamman ga irin wannan tazara tsakanin abu da abu, kalmar ita ce “ma”.

Ban fahimci nauyin wannan ba sai da na yi kuskure a aikina. Na fara zana labarin ne bisa tsarin manga, wato labaran zane na Japan da ake bugawa a takarda, shafi guda cike da akwatunan zane shida ko bakwai, kamar yadda ake bugawa a mujallu irin su Shonen Jump da aka kafa a 1968, illa dai nawa daga hagu zuwa dama ake karanta shi, nasu kuwa daga dama zuwa hagu. A kwamfuta ya yi kyau. Da na buɗe shi a waya sai na ga rubutun ya ƙanƙance kamar tururuwa, sai mutum ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ja nan ya ja can kafin ya karanta magana ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne wani wuri da na fi ji da shi, inda wata yarinya ke tsaye a bakin ƙofa tana jiran a buɗe mata bayan shekaru ba ta gida. Tun kafin mai karatu ya ga hannunta a kan ƙofar, idonsa ya riga ya faɗa kan akwatin ƙarshe ya ga wanda ya buɗe. Jiran da na so ya ji a ransa ya tafi a banza.

Mafitar daga Koriya ta Kudu na samo ta. Tun farkon shekarun 2000 wasu masu zane a can suka daina bin tsarin takarda, suka koma jera akwatunan daga sama zuwa ƙasa a doguwar tsiri guda, abin da ake kira webtoon. Kamfanin Daum ya buɗe dandalinsa a 2003, Naver ya biyo baya a 2004. Na sake zana wurin nan a wannan tsari. Na sa hannun yarinyar a kan ƙofa, na bar fili fari wanda sai mutum ya ja allo da babban yatsa sau uku kafin ya wuce shi, sai wani ɗan ƙaramin akwati mai nuna haske a ƙarƙashin ƙofar, sai wani filin kuma, sannan fuskar mahaifiyarta. Na ba ƙanwata ta karanta ina kallonta. Da ta iso farin filin nan sai na ga yatsanta ya rage sauri da kansa, ta ɗan riƙe numfashi. A ranar na gane cewa tsawon fili a allo daidai yake da tsawon shiru a fim.

Ginin shafin ya ba ni wahala fiye da zanen, amma ban yi nadamar ƙin ɗora aikin a dandalin wani kaɗai ba. Na tuna da GeoCities, dandalin da aka kafa a 1994, inda dubban mutane suka gina shafukansu, aka wayi gari a 2009 aka rufe shi. Saboda haka na zauna na koyi HTML, wanda ke tsara ƙashin shafi, da CSS, wanda ke kula da launi da girma da tazara. Layi ɗaya ne na CSS ya sa hotunana suke daidaita kansu da faɗin kowane allo, kuma CSS ɗin ne ya ba ni ikon auna farin filin nan yadda nake so. Haruffanmu masu lanƙwasa su ma sun sa ni aiki. Salon harafin da na fara zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai kalmar ƙofa ta fito da baƙon harafi a farkonta wanda bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Na gwada salo kusan goma kafin na sami wanda ya ɗauke su duka.

Saura kiɗa, kuma a nan ne nake buƙatarka. Na so sauti ya tashi da kansa da zarar an buɗe shafin, sai na tarar manhajojin shiga intanet irin su Chrome sun hana hakan tun 2018, sai mai karatu ya taɓa wani abu da kansa. Da farko na ji haushi, daga baya na ga gaskiyarsu, domin ni ma ba na son shafi ya yi mini ihu ban shirya ba. Yanzu na sa ɗan maɓalli a saman kowane babi, wanda ya so ya kunna.

Na san har yanzu kana kaɗa jita, kuma ban manta da yadda kake barin sautin tsirkiya ya mutu da kansa kafin ka taɓa ta gaba ba. Irin wannan nake so ga wurin ƙofar. Kada ya wuce minti ɗaya da rabi, ba waƙa a ciki, kuma ƙarshensa ya iya komawa farkonsa ba tare da an ji gaɓa ba, tun da wani mai karatun zai daɗe a wurin fiye da wani. Ko da waya ka naɗa ya isa, muddin ɗakin ya yi tsit. Zan aiko maka da babin nan a wannan makon domin ka gan shi kafin ka fara, kuma ina roƙonka ka faɗa mini gaskiya idan ka ga farin filin ya yi tsawo da yawa.

Ka gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka.