Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumar wani otal na bakin teku

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa. Da an ɗaga wayata jiya, da maganar nan ba ta fito fili ba. Kira na tara ke nan.

Kuɗin kwana biyar na biya, uku muka kwana. A rana ta biyu yarana suka shiga ruwa daidai inda kuka kafa allon wurin iyo. Kafin asuba ƙaramar ta fara amai da gudawa, yayanta kuma kunne ya kumbura. Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce a ina suka yi wanka. Na koma na bi gaɓar da ƙafa, sai ga bututu a bayan duwatsu, taku kaɗan daga inda yara ke wasa, yana tsiyayar da baƙin ruwa mai ɗoyi, gansakuka ta lulluɓe wurin.

Ranar Laraba da ƙarfe 4:20 na yamma na nuna wa ma'aikacinku na teburin karɓar baƙi hoton bututun da na ɗauka. Ya kalla, ya miƙo mini wayata, ya ce, "Yallaɓai, ai teku babba ne, yana wanke kansa." Har da ba ni takardar rangwame wai na zuwa na gaba. Na gaba! Wasiƙun da na aiko daga baya kuwa, ko an karanta su, Allah masani.

Ruwan masai yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ake kira E. coli da enterococci, su ake aunawa kafin a ce ruwa ya yi a shiga. A dokar Tarayyar Turai ta 2006, ruwan gaɓa ba ya samun matsayi mafi kyau sai enterococci ba su wuce guda 100 a cikin mililita 100 na ruwa ba. Ku nawa kuka samu? Yaushe ma kuka auna? A 2018 gwamnatin Filifin ta rufe tsibirin Boracay wata shida cur saboda irin wannan ƙazanta. Shi ma can teku babba ne.

Ku mayar mini da kuɗin kwana biyun da na asibiti. Ku kuma liƙa sakamakon gwajin ruwa a gaɓar, kowane mako, inda iyaye za su gani. Na ga sabon benen da kuke ɗagawa. Ɗakuna na ƙaruwa, baƙi na ƙaruwa, kuna karɓar kuɗin mutane da sunan tekun nan, kuna kuma mayar musu da bahayarsu a cikinsa. Hoton bututun yana hannuna, gobe zai isa hukumar kula da muhalli.

Naku,
Mahaifin yaran nan biyu