A daina yi wa littattafan Hausa kuɗin goro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarku in yi magana a kan ƙagaggun labarai na zamani, domin na gaji da jin ana yi musu kuɗin goro. Da an ambaci littafin Hausa a majalisa sai wani ya taɓe baki ya ce ai na soyayya ne, masu ɓata tarbiyya. Ka tambaye shi wanne ya karanta, sai ya fara kame-kame, ƙarshe ya faɗa kan Magana Jari Ce da aka karanta musu a firamare. Allah ya ji ƙan Abubakar Imam, amma rubutun Hausa bai tsaya ranar da ya ajiye alƙalami ba. A 2007 har tara littattafai aka yi a nan Kano aka cinna musu wuta, kuma ina shakka ko masu ƙyasta ashanar sun buɗe ko ɗaya.

Wanda yake son a yi maganar gaskiya, ya nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Babu wani saurayi mai tsaye a zaure yana zuba kalaman ƙauna. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwar Sabon Gari, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara, yana ba ta kuɗin cefanen da ba ya kai ko'ina, sannan ya je ya kwaso Delu daga bariki ya kori Rabi da 'ya'yan. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen: da gobara ta cinye rumfar Alhajin, Delu ta watsar da shi, sai dangi suka taru a kan Rabi suna ba ta haƙuri ta koma. Marubuciyar ba ta ce mana an yi daidai ba, ba ta kuma ce an yi kuskure ba, ta bar mu da abin. Wace unguwa ce a Kano babu irin wannan gida? A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar littafin da Turanci, mu kuwa nan muna ta gardamar ko ya dace a karanta shi.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino soyayya ce zalla, ban musa ba, amma soyayyar da take ja da auren dole da auren kuɗi, shi ya sa matasan farkon shekarun 1990 suka yi rububinsa. 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya fi nauyi. Ya shiga gidan karuwai ya nuna yadda yarinya take kaiwa can, kuma ba littafin da za ka miƙa wa 'yar aji ɗaya ba ne. Ga masu jin Turanci akwai Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016. Turanci ne a takarda, amma Hajiya Binta da ke ciki tamu ce, har da kunyar da ta hana ta kiran sunan ɗanta na fari.

Masu ƙorafi suna da abin faɗa a wuri ɗaya. Yawancin abin da ake turawa yanzu a WhatsApp, a biya kuɗi a shiga rukuni, ba ya bi ta hannun mai tacewa. Ana jan labari kamar ƙaramar igiya don kada masu biya su watse, ƙa'idar rubutu kuwa sai dai a yi shiru, wasu kuma batsa ce tsirara. Sai dai yarinyar da ke karanta su ba ta da zaɓi da yawa. Shagunan da muka saba karɓar hayar littafi a unguwa sun koma cajin waya, tsofaffin littattafan nan kuma sai ka sha yawo a Sabon Gari kafin ka samu kwafi ɗaya da ya sha jiki.

Don haka roƙona biyu ne. Ku ware shafi, ko rabinsa, duk mako a yi sharhin littafi guda, sabo ko tsoho, a faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza ba tare da jin nauyin marubucin ba. Malaman Hausa na Jami'ar Bayero ba za su ƙi ba da hannu ba. Sannan ku taya mu kira ga masu ɗab'i su sake buga waɗanda suka ɓace a kasuwa, ko da ƙanana ne masu sauƙin kuɗi.

Na gode.

Wani malamin makaranta,
Gwammaja, Kano